Mai Zane da Kwamfutarsa: Wa Ke Riƙe da Wa?

Ranar 23 ga Yuli, 1985, kamfanin Commodore ya tara jama'a a zauren Lincoln Center da ke birnin New York domin ƙaddamar da sabuwar kwamfutarsa mai suna Amiga. Aka gayyato Andy Warhol, mai zanen da duk Amurka ta san sunansa, aka zaunar da shi gaban na'urar, mawaƙiya Debbie Harry tana gefensa. Aka ɗauki hotonta ya shiga kwamfuta, Warhol ya kama linzami ya shiga zuba masa launi, jama'a sun zuba ido. A lokacin Amiga tana iya nuna launi har 4,096, alhali Macintosh ta kamfanin Apple baƙi da fari kawai ta sani.

Warhol ya mutu a 1987, Commodore ya durƙushe a 1994. Zane-zanen da Warhol ya ci gaba da yi da Amiga suka kwanta cikin ƙananan fayafai a ma'ajiyar gidan tarihinsa da ke Pittsburgh. Sai a 2014 aka ba da sanarwar cewa ƙungiyar masana tsofaffin kwamfutoci ta Jami'ar Carnegie Mellon ta fito da su, bayan ta sha wahalar warware wani tsarin fayil da babu manhajar zamani da ke gane shi. Fayafan suna nan, zanen yana ciki, amma an yi kusan shekara 30 babu idon da ya gan shi, don injin da ke da mabuɗinsa ya riga ya bar kasuwa.

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu zanen kwamfuta ya san gardamar da ba ta ƙarewa: Mac ko Windows, wasu kuma su ce Linux. Ana yin ta a kan sauri da farashi da kyawun allo, kuma duk waɗannan suna da muhimmanci. Sai dai labarin Amiga ya tono wata tambaya da ta girmi kwamfuta, wadda malaman falsafa da na fiƙihu suka daɗe suna juyawa: tsakanin mai sana'a da kayan aikinsa, wa ke riƙe da wa?

Asalin gardamar

Son da masu zane ke yi wa Mac yana da tushe. Macintosh ta fito a watan Janairun 1984 a kan dala 2,495, da manhajar zane mai suna MacPaint wadda Bill Atkinson ya rubuta. A 1985 abubuwa uku suka haɗu: firintar LaserWriter ta Apple, da harshen PostScript na kamfanin Adobe wanda ke gaya wa firinta yadda za ta zana kowane harafi, da manhajar PageMaker ta kamfanin Aldus. Daga nan mutum ɗaya a ɗakinsa ya iya tsara shafin mujalla, ya ga kamanninsa a allo, ya buga shi ya fito yadda ya gani. Aikin da a da sai an bi ta hannun masu jera haruffa da masu yanka da liƙe ya dawo kan tebur guda. Illustrator ta Adobe ta biyo baya a 1987, Photoshop ta 'yan'uwan nan Thomas da John Knoll ta fito a 1990, kuma dukansu a Mac kaɗai suka fara. Gidajen jarida da maɗaba'u da makarantun zane na Turai da Amurka suka sayi Mac, suka horar da ɗalibai a kanta, ɗaliban suka zama iyayen gida suka sayo wa yaransu irinta.

Windows ta bi wata hanyar. Kowane kamfani yana iya ƙera kwamfutar da za ta ɗauke ta, don haka gasa ta karya farashi. A 1989 kamfanin Corel na birnin Ottawa a Kanada ya fitar da CorelDRAW domin Windows, kuma da ita ƙananan maɗaba'u a ƙasashe da dama suka tashi. Har yau a Shomolu ta Legas, ko a shagunan buga katin biki da kalanda da fosta na Kano da Kaduna, tambayar farko da ake yi wa mai kawo aiki ita ce ko yana da fayil ɗin Corel. Photoshop ma ta iso Windows tun daga siga ta 2.5, kuma a hankali tazarar ta yi ta raguwa.

Yau abin da ya rage na bambanci ba shi da wuyar lissafawa. Photoshop da Illustrator da InDesign suna aiki iri ɗaya a Mac da Windows, CorelDRAW ma ta koma Mac a 2019. Tun da Apple ya fara saka nasa injin na M1 a 2020, kwamfutocinsa na hannu sun yi fice wajen jimirin batir da rashin zafi, allonsu kuma yakan zo da launi daidaitacce, abin da ke da daraja ga mai aiki inda wuta ba ta zama. Amma ƙwaƙwalwar aikinsu a haɗe take da injin, ba a ƙara ta bayan saye, kuma gyaransu yana da tsada. Kwamfutar Windows ta tebur kuwa ana buɗe ta a ƙara mata ƙwaƙwalwa, a sauya mata ma'adana, a saka mata katin sarrafa hoto na Nvidia, wanda masu zane mai tsawo da faɗi da zurfi suka dogara da shi, kuma sababbin Mac ba sa ɗaukarsa. Linux kyauta ce, tana tayar da tsohuwar kwamfutar da aka fid da rai da ita, manyan kamfanonin haɗa dabarun fim sun daɗe suna aiki da ita, amma manhajojin Adobe ba su da sigarta. Ga kuma iPad da alƙalaminta, wanda ya fito a 2015, da manhajar Procreate da ake yi a Tasmaniya, waɗanda suka janye masu zanen hannu da yawa daga tebur gaba ɗaya.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba ta wuce ciniki ba.

Ina gwaninta take zaune?

Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ɗauki sana'a a matsayin wata ɗabi'a da ke kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaita aiki a gaban gwani, har ta zauna daram. Idan haka ne, gwanintar mai zane tana cikin idonsa da hannunsa: sanin launin da zai zauna kusa da wani, da tazarar da ta dace tsakanin haruffa, da wurin da za a bari fili don ido ya huta. Babu kantin da ake sayar da wannan.

Tarihin kwamfuta da kansa ya goyi bayan wannan ra'ayi. Susan Kare, wadda ta zana ƙananan alamomin Macintosh ta farko, irin su kwandon shara da agogon hannu da kwamfuta mai murmushi, a littafi mai gidan dara ta fara su, tana cike gida-gida da hannu. Fili ne na ɗigo 32 a tsaye, 32 a kwance, baƙi da fari. Da wannan ƙuncin ta fitar da siffofin da mutane suka gane ba tare da an yi musu bayani ba, har gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya karɓi littattafan nata. A watan Maris na 2025 kuma, fim ɗin zane mai suna Flow, labarin wata kyanwa da ambaliya ta raba da gida, ya ci kyautar Oscar a gaban finafinan Pixar da DreamWorks. Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya ne ya jagoranci ƙaramar tawagar da ta yi shi, da manhajar Blender wadda kowa ke iya saukewa ba ko sisi.

Saboda haka matashin da ya ƙi fara koyon zane har sai ya mallaki kwamfuta mai tambarin tuffa ya jinkirta abin da ba ya jiran kuɗi. Wanda kuma ya ci bashi ya saye ta don a gan shi da ita a ɗauke shi gwani, ya haɗa almubazzaranci da son a gani, biyun da addini ya yi kashedi a kansu.

Duk da haka, kuskure ne a ce kayan aiki ba ruwansu da abin da ke fitowa. Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa a Bagadaza wanda ya rasu a 940, shi ake jingina wa tsarin auna haruffan Larabci da ɗigon alƙalami: tsawon alif ɗigo kaza ne, sauran haruffa kuma daga shi ake auna su. Faɗin bakin alƙalami ke nan ya zama ma'aunin rubutun duka. Haka manhaja take. Abin da ta sauƙaƙa shi hannu ke yawan kaiwa gare shi, abin da ta wahalar kuma a hankali a daina tunaninsa. Shi ya sa fostocin gari guda sukan yi kama da juna, inuwa iri ɗaya a bayan haruffa, ƙyalli iri ɗaya a gefen hoto.

Mai karanta Hausa yana ganin wannan kullum. Dubban samfuran haruffa masu kyau ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don waɗanda suka zana su ba su yi tunanin Hausa ba. Mai zane ya zaɓi samfurin da ya burge shi, ya rubuta kan labari, sai ƙ ta fito da wani fasali daban ko ta koma akwati fanko. Mafita mafi sauƙi ita ce a jefar da lanƙwasar, kuma ita ake yawan bi, har allunan talla suka cika da Hausar da ba ta bambanta ƙafa da kafa. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a rage wa harshen haruffa. Kayan aiki ne suka yanke, masu zane suka bi. Maganin yana nan ga mai nema: samfuran Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da dangin Noto na Google, suna da haruffan, har ma akwai samfurin Alkalami da aka zana bisa salon rubutun Larabci na Kano domin ajami. Amma sai mai zane ya san cewa zaɓin samfurin harafi amana ce ta harshe kafin ya je nemansu.

Saye ko haya

Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu a Kano ko Barno shi ke fiƙe alƙalaminsa, shi ke haɗa tawadarsa. Takarda kam tun da can daga waje take zuwa. A ƙarni na 19 mai alamar jinjirin wata uku daga arewacin Italiya ake kawo ta ta hanyar Sahara. Dogaro da kayan waje ba sabon abu ba ne. Amma da zarar ya biya, takardar ta zama tasa. Maƙerin takardar ba shi da ikon aiko wa a karɓe ta, kuma rubutun da aka yi shekara 200 da suka wuce ana buɗe shi yau a karanta ba tare da neman iznin kowa ba.

Mai zanen kwamfuta ba haka yake ba. A watan Mayun 2013 Adobe ya sanar da cewa ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na zane don sayarwa sau ɗaya. Daga sigar CS6 sai biyan kuɗi wata-wata. A harshen fiƙihu, ciniki ya tashi daga kusa da saye ya koma haya tsantsa. Haya halal ce, kuma tana da amfaninta: Photoshop CS6 kaɗai dala 699 ce, tarin manhajojin gaba ɗaya ya haura dala 2,500, alhali kuɗin wata ya fara ne a kan kusan dala 50. Ɗalibin da ba zai taɓa tara dubban daloli ba ya sami ƙofar shiga, gyare-gyare kuma suna zuwa a kai a kai.

Inda gizo ke saƙa shi ne, abin da ke cikin ɗakin hayar aikin mai zane ne na shekaru. Ranar da ya kasa biya, fayilolinsa suna nan a ma'adanarsa, amma manhajar da ke buɗe su yadda ya bar su ta kulle. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma an ga hakan a fili. A watan Oktoban 2019 Adobe ya aika wa masu hulɗa da shi a Benezuwela saƙon cewa zai rufe asusunsu ranar 28 ga watan, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Daga baya kamfanin ya sami izni ya janye, amma masu zane na ƙasa guda sun yi makonni suna jiran a yanke musu hanyar abinci a kan rigimar da ba su da hannu a ciki. A ƙarshen 2022 kuma aka cire yawancin launukan kamfanin Pantone daga manhajojin Adobe. Mai son su sai ya biya ƙarin dala 15 a wata, wasu kuma suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar launin da suka zaɓa ya koma baƙi.

Ba Adobe kaɗai ba ne. FreeHand, manhajar da masu zane da yawa suka fi so a kan Illustrator, ta mutu bayan Adobe ya sayi Macromedia, kamfanin da ke da ita, a 2005. Apple ya sauya nau'in injinsa sau uku, a 1994 da 2006 da 2020, kuma da macOS Catalina ta fito a 2019 duk tsofaffin manhajoji masu tsarin bit 32 suka daina tashi. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 tana da sharuɗɗan da kwamfutoci masu yawa, lafiyayyu, ba su cika ba. Kowane kamfani yana da hujjarsa ta fasaha ko ta tsaro, kuma wasu hujjojin masu ƙarfi ne. Abin lura shi ne, a duk waɗannan hukunce-hukuncen babu inda aka nemi ra'ayin wanda aikinsa ke ciki.

Ga mai zane a Najeriya nauyin ya ninka, don da naira ake biyansa, shi kuma da dala yake biya. Kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance. A farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin hayar manhaja ya ninka sau uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba, mai kawo aikin katin biki kuwa bai ninka abin da yake biya ba.

Tambayar da ake kauce wa

Daga nan ne maganar ke shiga inda mutane ba sa son a taɓa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kwamfutoci da yawa a shagunan zane suna ɗauke da manhajar da aka fasa makullinta. A sayi kwamfuta ta hannu, mai gyara ya loda mata Corel da Photoshop a kan kuɗi kaɗan, a kama aiki. Ɗaya daga cikin dalilan da Windows ta yi kaka-gida a irin waɗannan kasuwanni ke nan, ko da ba a faɗa.

Malamai sun tattauna wannan. A watan Disambar 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da darajar dukiya a al'adar zamani, shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin wanda ya sayi abu ya mallaki ikon yin yadda ya so da shi, ilimi kuma ba abin killacewa ba ne. Akwai kuma masu sassautawa ga ɗalibin da ke koyo, su tsananta ga mai kasuwanci. Amma ra'ayin majalisar shi ne ya fi rinjaye a tsakanin majalisun fatawa na zamani, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ma tana kare manhajar kwamfuta.

Hujjar da aka fi ji ita ce kamfanonin nan attajirai ne, kwafi ɗaya ba zai rage su da komai ba, farashinsu kuma ba a yi shi don talaka ba. Akwai gaskiya a zancen farashin. Sai dai mai zane ya fi kowa sanin zafin abin. Shi ne ke kwana yana tsara tambarin wani shago, gari ya waye ya ga wani ya kwafe ya sauya suna ya sayar. Masu shirya finafinan Hausa sun yi shekaru suna kuka da satar fasaha, kuma masu zana musu fosta suna cikin waɗanda abin ya taɓa. Ka'idar da mutum yake so a kare aikinsa da ita, ita ce dai ke kare aikin wanda ya rubuta manhaja. Wuya ne a riƙe ta da hannun dama a sake ta da na hagu. Ban da haka, manhajar da aka fasa takan zo da ƙwayar cutar da ke satar bayanai ko kulle fayiloli, kuma fayilolin nan na masu kawo aiki ne, amana ce a hannun mai shago.

A shekarun baya mai wannan hali yana iya cewa larura ce, babu wata hanya. Yau wannan uzurin ya yi rauni ƙwarai.

Hanya ta uku da kuɗinta

A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU a kan ra'ayin cewa mai amfani da manhaja ya cancanci ya sarrafa ta yadda ya so, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991. Daga wannan gida ne GIMP ta fito, wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara a 1995, sai Inkscape ta zanen tambari, da Krita ta zanen hannu, da Scribus ta tsara shafi.

Labarin Blender ya fi kowanne nuna ma'anar abin. Kamfanin da ke da ita a Holan ya karye a 2002, manhajar tana shirin bin sawun sauran da suka mutu tare da kamfanoninsu. Ton Roosendaal, wanda ya ƙirƙire ta, ya roƙi masu amfani da ita su haɗa kuɗi a fanso ta daga masu hannun jari. Cikin mako bakwai aka tara yuro 100,000, kuma a watan Oktoban shekarar aka sake ta ga kowa, bisa lasisin da ya hana wani ya sake kulle ta. Mai karatun fiƙihu zai ga kamar waƙafi: an tsare asalin, an saki amfanin. Bayan shekara 23 aka ci Oscar da ita. A Faransa kuma David Revoy yana zana labarinsa na Pepper&Carrot tun 2014 da Krita a kan Linux, masu karatu ne ke tallafa masa, yana kuma sakin fayilolin aikin ga duk mai son ya fassara ko ya koya.

Wannan hanya ma tana da kuɗinta, sai dai da lokaci ake biya. GIMP har yanzu ba ta kai Photoshop ba wajen aikin launuka huɗu na maɗaba'a, ko da yake Krita da Scribus suna iya shi. Mai buga aiki da ya saba da fayil ɗin Corel zai yi tsaki idan aka kawo masa wani iri, sai an mayar da shi PDF an kuma duba launi da kyau. Kamfanin talla da ke aiki da InDesign ba zai sauya tsarinsa don sabon ma'aikaci ba. Hannun da ya shekara goma a kan manhaja ɗaya kuma zai yi makonni yana tuntuɓe a sabuwa. Wanda ya ce sauyawa ba wahala bai gwada ba. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai matsakaita: Procreate sau ɗaya ake biyanta, Affinity kuwa, wadda kamfanin Canva ya saya a 2024, an mayar da ita kyauta a ƙarshen 2025, ko da yake makullinta yana hannun kamfanin.

Hukunci

Idan aka tattara, babu kwamfutar da ta fi kowace ga kowa. Mai tsara mujalla da ke yawo da aikinsa, wuta kuma ba ta ishe shi ba, yana da hujjar sayen Mac idan aljihunsa ya kai. Mai zane mai tsawo da faɗi da zurfi da ke buƙatar katin hoto mai ƙarfi, ko mai shagon da ke mu'amala da maɗaba'un Corel, Windows ce tasa. Ɗalibi mai tsohuwar kwamfuta da babu kuɗin lasisi, Linux da Krita da Inkscape sun ishe shi ya koyi duk abin da ake kira zane, kuma manhajojin nan suna aiki a Windows da Mac ma.

Abin da ya kamata ya riga sunan kamfani a zuciyar mai saye tambayoyi uku ne. Shin wannan kayan zai ba shi damar kyautata aikin da aka ba shi, har da rubuta harshensa daidai? Shin ta hanyar halal ya same shi, kuma daidai ƙarfinsa? Shin idan kamfanin ya rufe gobe, ko ya ninka farashi, ko wata gwamnati ta sa takunkumi, aikinsa zai buɗu? Ta ukun ita aka fi mantawa, kuma ita ce ke nuna ko mai sana'a ne ke riƙe da kayansa ko kayan ne ke riƙe da shi. Amsarta ba ta da tsada: kowane aiki da aka gama a ajiye kwafinsa a tsarin da manhajoji da yawa ke buɗewa, irin su PDF da SVG da TIFF da PNG, a adana samfuran haruffan da aka yi amfani da su tare da shi, a kuma ajiye shi a wuri fiye da ɗaya.

Nauyi mafi girma yana kan masu koyarwa, a kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon kwamfuta da shagunan da yara ke zaman koyon aiki. Yaron da aka koya wa maɓallan manhaja ɗaya kawai, a kan kwafin sata, an ɗaure shi da kamfanin da bai san da zamansa ba, an kuma fara masa sana'a da shubuha. Su fara da koyar da launi da ma'auni da tsarin haruffa, su nuna wa ɗalibi aiki ɗaya a manhaja biyu ko uku, su saka masa samfuran da ke da ɓ da ɗ da ƙ tun ranar farko, su kuma gaya masa gaskiya game da lasisin abin da ke cikin kwamfutarsa kafin ya karɓi kuɗin aikinsa na farko.